Turakun da aka kafa a gonarmu

Zuwa ga Shugaban kwamitin da ke kula da aikin sabon birni,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan ranka ya daɗe yana lafiya.

Sunana Issufu, manomi ne ni a wani ƙauye kusa da Yekuwa. Na yi lakwal, wato makarantar boko, shekara shida, don haka da hannuna nake rubuta wannan, kuma a tsorace nake.

Na farko, ba na gāba da aikinku. Ɗiyata tana aure a Magaria, su bakwai a ɗaki ɗaya, in an yi ruwa kwata har bakin gado take zuwa. Na san gari ya cika.

Na biyu, bayan girbin bara wasu mutane suka zo da mota, suka yi awo, suka kafa turakun siminti masu jan fenti. Ɗaya a tsakiyar gonar gerona, ɗaya a bakin rijiyar da gida goma sha ɗaya ke sha, ɗaya kuma taku kaɗan daga kabarin mahaifina. Na tambaye su, suka ce su aiko su aka yi. Mai gari ya ce shi ma a rediyo ya ji. Na je Magaria sau biyu a amalanke, aka ce in dawo.

Na uku, ga abin da ke hana ni sukuni. Ƙanen mahaifina, Baba Ado, yana tsallaken iyaka. Birni ya ci gonarsa. Na kai masa ziyara na same shi yana gadin ƙofar wani gida da aka gina inda yake shuka gyaɗa a da. Ko ido bai iya haɗawa da ni ba. Shekaruna hamsin da huɗu, ranka ya daɗe, ban iya komai ba sai noma. Tsohuwata ta daina fita, kullum tambayarta ko za a tone mijinta.

Roƙona: a zo a yi mana bayani a gaban jama'a. A bar mana rijiya da makabarta. In tashi ya zama dole, a ba mu ƙasar noma, ba filin gini ba.

Hadari ya fara haɗuwa, iri yana rumbu. A gaya mini kawai, in shuka ko kar in shuka?

Allah ya yi maka jagora, ya sa ka gama lafiya.

Wassalam.

Issufu, daga karkarar Yekuwa