Maɓallin Ƙarshe na Rigarka

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya. Allah Ya tsare ka a inda kake, Ya sa albarka a aikinka. Mu nan lafiya lau, sai kewarka da ta ishe mu. Umma har yau ba ta barin kowa ya sha ruwa da kofinka.

Maganar Baba ce ta sa na ɗauki biro. Ka san tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye muka ɗauke masa komai. Mu ba shi abinci a baki, mu sa masa kaya, har keken ɗinkinsa muka lulluɓe da zani don kada ya gani ransa ya ɓaci. Ashe kuskure muke ta yi. Asibiti sun haɗa mu da wata ma'aikaciya mai koya wa marasa lafiya komawa ayyukansu na yau da kullum. Ranar da ta fara zuwa ta tarar ina sa masa hula, ta ce in bari ya gwada da kansa, wai tausayinmu ne ke ƙara kashe masa hannu. Wallahi na ji haushinta, na ce a raina wannan ba ta san darajar uba ba.

Ita kuwa ta ja kujera ta tambaye shi abin da ya fi kewa. Ya ce akwai rigar da ya yanka maka kafin ka tafi, bai ƙarasa ba. Nan take ta sa aka yaye zanin. Ta naɗa wa almakashinsa soso don ya riƙu, ta kawo allura mai babbar kafa, ta rage tsayin teburinsa. Mako uku yana fama da zare yana faɗa da kowa, har da cewa ni ke tare masa haske.

Yaya, riga ta haɗu. Ɗinkin ya ɗan karkace, amma nasa ne, kuma da na gani sai da na shiga ɗaki na yi kuka. Maɓalli shida ne, ya ɗinka biyar. Na ƙarshen yana aljihunsa, kullum da safe sai ya lalubo shi ya duba. Ya ce ba zai ɗinka ba sai ka sa rigar a gabansa, ya ga ko ka yi ƙiba.

Umma da Gwaggo da Kawu suna gaishe ka, a gaida matarka da kyau. Don Allah ka nemi hutu ka zo, tun hannun nan yana iya riƙe allura.

Taka ƙanwa mai jiran ka,
Auta