Esin Manaja Ta Kore Ni Daga Ɗakina

Anti Ladidi, don Allah ki taimake ni kafin in aikata abin da zai kai ni gaban mai unguwa.

Ni 'yar kasuwa ce a Panshekara. Ina saro bokitai da robobin da suka fito da ɗan aibi daga kamfanonin Sharada, in sayar. Macen da ta iya sayar da bokiti mai karkataccen baki da sunan sabon yayi ba ta ruɗewa da wuri, amma ga wani tsohon ƙarfe ya ƙure ni.

Tun ina budurwa nake fama da ciwon ɓarin kai, kuma ƙara ce ke tayar da shi. Ko agogon bango sai da na cire wa batir. Da zafin bana ya matsa, maigidana, Baban Nafisa, ya ce zai sa mana esi, na'urar sanyaya ɗaki, irin ta taga. Na yi murna, na roƙe shi abu ɗaya, ya samo marar ƙara. Ya ce in bar masa, wanda ya tsufa a gindin inji ba a koya masa inji. Injin nasa kuwa na niƙa tsohuwar roba ne a Sharada.

Sai ga shi a adaidaita sahu da wani akwati mai tsatsa, ya sayo a wani sito a Bompai inda ake gwanjon kayan wani kamfani da ya durƙushe. Wai esin ke nan, daga ofishin manaja aka ciro ta. Anti, idan da gaske manajan ya zauna kusa da ita, to ita ce ta durƙusar da kamfanin, don ba mai iya tunani a gefenta. In an kunna, sai ta fara nishi kamar tifa ta ɗauko yashi, gilashin taga ya kama rawa, murafen tukwanena su amsa. Can kuma ta yi gum, kamar an doki ƙofa da ƙafa. Maƙwabciyata ta leƙo tana tambaya ko mun fara markaɗe ne ta kawo wakenta.

Shi kuwa gogan naki ya miƙe a gado, tumbi a sama, wai in saurara in ji shiru, kamar ba a kunna ba. Da na yi magana ya ce iyayi ne, ai ina wuni a hayaniyar kasuwa ban mutu ba. Bai san da ƙwayar magani nake wunin ba, in dawo gida don kaina ya huta. Har shaida ya kawo, abokin aikinsa Bala. Su biyu suka tsaya a gabanta suna ɗaga wa juna murya, kowa na rantsuwa bai taɓa jin esi mai shiru irinta ba.

Yanzu a ɗakin yara nake kwana a tabarma. Ya daina cin tuwona, gaisuwa ma da ka yake amsawa, wani lokacin ko juyowa ba ya yi. Yayarsa ta fara yawo da zancen na ƙaurace wa ƙaninta, za ta kai magana gaban manya. Aurenmu bai taɓa zuwa gaban manya ba, ba na so wannan gwangwanin ya kai shi.

Wata ƙawata ta ce ruwan gishiri kaɗan a bayan esin ya isa, sai a ce kwananta ne ya ƙare. In yi? Kuma in ta mutu, yaya zan gane mai shiru, kada ya sake kwaso mini ƙanwarta?

Mai Bokiti, Panshekara

Amsa:

Mai Bokiti, mayar da gishirinki cikin miya. In kin kashe ta, wa zai je sayo wata? Shi ne dai, da kunnen nan nasa, wataƙila da Bala a matsayin mai ba da shawara. Ga haɗarin wuta, ga ƙarya da za ki riƙe har abada, duk a kan abin da ko ɗan gwangwan sai ya yi tunani kafin ya taya.

Kin yi gaskiya, ciwonki ba iyayi ba ne, kuma abin da ya kawo tarkace ne. Amma da duk wayonki na kasuwa kin kasa karanta mutumin da ke gidanki. Ba ƙarya yake yi ba, ba ya jin ta ne. Maza biyu da suka shekara a gindin injin niƙa roba, suna ihu su yabi shiru, wannan ba shaida ba ce, marasa lafiya ne biyu. Gaisuwar da ba ya juyowa ma, ba duka ce fushi ba. Ki lallaɓa shi a duba masa kunne a asibiti, ya kuma riƙa toshe kunne a wurin aiki. Kada ki ce masa kurma, musamman a gaban yayarsa.

Sayen sabuwa kuwa, kunnenki ne zai zaɓa. Ki je da kanki. Kada ki yarda a gwada miki a shagon da janareta ke ruri, can ko jirgin sama shiru ne. A kunna, ki jira har injin sanyin cikinta ya tashi, don wannan dukan ƙofar da kika ji daga nan yake. Ki nemi mai inbata, ita ba ta tashi ta faɗi, a hankali take tafiya. Ki duba lambar dB, ma'aunin ƙara, a kwali, mafi ƙanƙanta ita ce mafi shiru. Kada a ruɗe ki da babbar esi, wadda ta fi ƙarfin ɗaki yawan katsewa take yi. Mai shago zai rantse, ke ma kin san nauyin rantsuwar shago. Wajen ɗaurawa a kafa ta a kan ƙarfe mai ƙwari, a cusa soso a kewaye, kada ta taɓa gilashi. In hali ya kai, mai raba biyu wadda injinta ke waje ta fi kowace ta taga shiru.

Saura girmansa. Don ke ya ɗauko ta tun daga Bompai, ko da zaɓin ya yi muni. Ki ce masa kayan manaja ba na ɓoyewa a ɗakin kwana ba ne, falo ya dace da ita, inda baƙi za su gani. Zai yarda, maza ba sa ƙin irin wannan. Ranar da ta bar tagar, ki naɗe tabarmarki ki koma ɗakinki da fanka, tun kafin yayar tasa ta gama yafa gyale.

Allah Ya ba ki lafiyar kai, Ya tsare masa sauran jinsa, Ya bar ku tare.

Anti Ladidi