Sunan da Ya Faɗi a Ƙasan Shafi

14 ga Oktoba

Zuwa ga aminiyata Kavata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Baban Mueni da jikoki. Yaya gwiwar taki? Na san ba ki je asibitin ba, don na san halinki. Zumar Kitui da kika aiko ta iso, 'yan ofis sun kusa ƙarar da ita a shayi kafin in juya.

Kin san a ƙarshen Disamba zan ajiye aiki. To kafin su sallame ni sun ɗora mini kaya, wai in rubuta tarihin ofishinmu na hulɗa da jama'a na jami'a, tunda bana ya cika shekara arba'in, kuma ni kaɗai na rage cikin 'yan da. Sai na zauna ina tuno mu. Ɗaki ɗaya a ƙarƙashin matakalar bene, tafireta biyu, taki da tawa, da kyamara ɗaya wadda marigayi Maigida Obiero yake kullewa a durowa ya rataya makullin a wuya. Mu ke buga jaridar jami'a, mu ke rubuta sanarwar rasuwa, mu ke tarbar baƙi, mu ke ɗura wa 'yan jarida shayi har su manta tambayar da ta kawo su. Yanzu mu goma sha ɗaya ne, kowa da waya a hannu, abu bai gama faruwa ba sun watsa shi duniya. Amma dokar Maigida tana nan daram: jami'a ba ta kuskure a bainar jama'a, in ta yi a gyara a fayil, a ja baki a yi shiru.

Dokar nan ce ta sa na ɗauko biro. Ran Talata wani mutum ya shigo, kansa fal furfura, ya ce sunansa Mogaka Nyabuto, malamin sakandare daga garin Nyamira. Bai rufe baki ba na gane shi. Kavata, ɗalibin nan ne na bikin yaye ɗalibai na 1993, wanda ba a kira sunansa ba.

Kin tuna mu ke buga jerin sunayen da ake karantawa a fili, gidan rediyo yana watsawa kai tsaye. A shekarar Maigida ya ce a cusa suna arba'in a kowane shafi saboda takarda ta yi ƙaranci, sai layin ƙarshe na wani shafi ya faɗi bai fito ba. Mu dai abin da muka gani, Mogaka ya zo ran Litinin ya yi ƙorafi, aka ba shi shayi da wasiƙa mai hatimi, ya tafi. Sauran labarin sai yanzu na ji shi. Ashe mahaifinsa ba shi da lafiya a lokacin, bai zo bikin ba, sai ya tara maƙwabta a tsakar gida aka kewaye rediyo, ga bunsuru a ɗaure ana jiran suna ya fito a yanka. Aka kira na gabansa, aka kira na bayansa. Tsoho ya tashi ya kwance bunsurun da hannunsa. Da Mogaka ya kai masa wasiƙarmu sai ya ce, "Ni ban iya karatu ba, amma kunnena lafiya lau. Takarda kuwa ko a kasuwar Kisii ana sayarwa." Bai ga girbin gaba ba ya rasu.

Buƙatar Mogaka ɗaya ce. Mahaifiyarsa, Iya Bosibori, ta haura shekara tamanin, jiki ya fara ƙi. Yana so a kira sunansa a bikin bana ta ji da kunnenta. Na ce masa zan gwada.

Ki gaishe mini da kowa da kowa.

Taki,
Naliaka

9 ga Nuwamba

Kavata 'yar'uwata,

Ina gaisuwa, da fatan ruwan nan bai yi muku ɓarna a gona ba. Wasiƙarki ta same ni, kuma ta hana ni sukuni. Kika ce shekara talatin da ɗaya kina zargin kanki, kina tsammanin shafinki ne. Ba naki ba ne. Nawa ne. Na gane tun ranar, don tafiretata ce mai ɗingisa harafin "k", kuma na ga shafin. Na yi shiru saboda ina da ciki wata bakwai, ba a tabbatar da ni a aiki ba, Maigida kuma bai tambaya ba. Ban san shirun nawa a kanki ya sauka ba. Na ji kunya ƙwarai, ki yafe mini.

Na kai maganar Mogaka wurin shugabarmu ta yanzu, Dakta Jeptoo, sa'ar 'yarki Mueni. Ta saurare ni tsaf, sannan ta ce, "Mama Naliaka, har ga Allah na tausaya masa. Amma in muka ce jami'a ta yi kuskure, gobe mutum ɗari za su yi layi a ƙofar nan, lauyoyi kuma su cinye ni ɗanya." Yarinyar nan ba ta taɓa ganin Maigida Obiero ba, amma sai ka rantse shi ke magana da bakinta.

Na ce mata to kada jami'a ta yi kuskure, ni na yi. A rubuta a littafin tarihin ofis cewa wata mai buga tafireta, Naliaka Wanjala, ta yar da suna a 1993, yau kuma jami'a ta gano ta gyara. Kin ga jami'a ta fita fes, har da yabo. Ta zuba mini ido ta ce, "Kin san kwamiti na shirya miki lambar yabo ta ma'aikaciyar da ba ta taɓa karɓar takardar gargaɗi ba? Za su janye ta fa." Na ce su janye. Ba zan ɓoye miki ba, na so lambar nan, har na riga na zaɓi inda zan rataye ta a falo.

Shugaban jami'a ya sa hannu a kan gyaran jiya. Ki taya mu addu'a tsohuwa ta kai bikin Disamba.

Taki har kullum,
Naliaka

16 ga Disamba

Aminiyata Kavata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na gode da yafiyarki, ko da yake kin haɗa ta da zagi shafi guda, kuma na cancanta.

Bana, karo na farko tun da na kama aiki, ban tsaya a filin biki ina nuna wa manyan baƙi kujeru ba. Mogaka yana can cikin rigar digiri tsakanin sa'o'in 'ya'yansa, ni kuwa na shiga motar Nyamira. Na tarar da gida cike, har cikin gonar ayaba mutane ne a tsaye. Jikoki sun kawo waya don tsohuwa ta ga bikin da idonta, ta ce su kau da abin nan, rediyo ya hana, rediyo zai bayar. Ta sa aka ɗauki kujerarta da rediyon aka kai bakin kabarin mijinta, nan gefen ɗakin girki, aka ƙure murya. Ga bunsuru a ɗaure.

Sunansa aka fara kira, kafin na kowa, da shekarar da ya gama. Ni na buga layin da kaina tun a ofis, a saman shafi. Mata suka ɓarke da guɗa, ita ko ba ta motsa ba. Sai da aka lafa ta buga ƙasar kabarin da sandarta ta ce, "Ka ji ko, mai taurin kai? Na faɗa maka yaron nan ba ya ƙarya."

Daga baya ta hango ni ta tambayi ko 'yar wace ce. Na durƙusa na gaya mata ni ce na yar da sunan. Ta daɗe tana kallona. Sannan ta juya ga jikokinta ta ce, "Ku yanka, ku fara zuba wa wannan. Mu mun ci abinci a shekarun nan, ita ce ba na jin ta ci."

Na ci, Kavata, da tuwon masara, ina kuka a gaban mutane kamar ƙaramar yarinya.

Littafin tarihin ya fito, zan taho miki da naki bayan Kirsimeti. Sunana yana shafi na goma sha biyu. Ki gaida Baban Mueni, kuma ki je asibitin nan.

Taki,
Naliaka