Ɗumame a Bayan Ƙofa

Zuwa ga Hajiya Dije, uwar 'ya'yana.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan makwancinki ya yalwata, haske ya cika shi, kina cikin rahamar Ubangiji. Ni ne Malam Inuwa marini, wanda kika zauna da shi shekara talatin da bakwai a lungunmu na Ƙofar Mata. Da hannuna nake rubuta miki wannan, a zaure, da rubutun da na koya a ajin yamma na manya bayan furfura ta fara leƙo ni. Kin tuna ranar da na shigo da littafi a hammata? Kika ce, "Gemu da fensir, Allah ya ba da sa'a." To yau ga ranarsa. Masu karanta wannan su yi haƙuri da karkatar layi, hannun ya fi sabawa da karofi, ramin rini.

Albishirinki. Na san da kina nan da kin ce goro fari. Angonki ya iso. Babbar 'yarmu, yayarsu Kabiru, ta sauka lafiya ranar Asabar da hantsi, namiji, bayan shekara takwas ana jira. Goshinki ya ɗauko, kunnuwan kuwa nawa ne, sai dai ya yi haƙuri. Da aka miƙo mini shi na yi masa kiran salla a kunne. Ranar har bakin marina na je, ban taɓa aiki ba, na dai tsaya ina faɗa wa duk wanda ya gifta, har da waɗanda ban sani ba.

Yau Juma'a, gobe suna. Ya kamata a ce ina zaune ina karɓar barka. Amma zama ya gagare ni, Dije. Na zama kamar kaza mai neman wurin ƙwai, daga zaure zuwa tsakar gida, daga tsakar gida zuwa bakin titi.

Yarinyar nan ba ta cin abinci.

Tun watan jiya mijinta ya kawo ta goyon ciki daga Ƙofar Dawanau, aka sauke ta a ɗakinki, kan gadonki. Kafin haihuwa tana ɗan taɓawa. Tun da ta dawo daga asibiti da jaririn ta rufe baki. Ƙanwata Rabi ce ke yi mata wankan jego, kuma ba ta rage komai ba, Allah ya saka mata. Ta dama kunun kanwa, ta gasa nama ta barbaɗe shi da yaji, an dafa ƙauri ranar kwana huɗu har maƙwabta suka samu. Yarinyar nan sai ta kurɓi ludayi ɗaya ta ce alhamdulillahi, ta juya fuska bango. Ruwan nono bai zo sosai ba. Angon naki yana kama ya saki, ya yi ta tsala kuka, kukan yana ratsa katanga yana samuna a zaure. Shekaranjiya malamar asibiti ta duba ta, ta ce babu ciwo a jikinta, amma in aka wuce suna a haka sai an mayar da ita an kwantar, a ɗaura mata ruwa, shi kuma a nema masa madarar gwangwani.

Ga shi ban isa in tambaye ta ba. Kin fi kowa sani. 'Yar fari ce. Ni da ke ba mu taɓa kama sunanta ba, ba mu taɓa zama da ita muna hira a gaban mutane ba. Haka muka tarar, haka muka yi. In na tsaya a bakin ƙofarta, iyakacina, "Ya jiki?" Ita kuma iyakacinta, "Da sauƙi, Baba." Yanzu ita ma ta samu nata ɗan farin, tana kunyar a ga ta ƙura masa ido. Gida cike da mutane, kowa yana kunyar kowa, yaro yana jin yunwa.

Sai na ce bari in yi abin da ƙafa za ta iya, tun da baki ya kasa. Kullum in an idar da sallar asuba sai in ɗauki kwano in shiga gari.

Ranar Talata na je wajen mai wainar nan ta Shahuci, wadda kike cewa tandarta ta girmi jikokinta. Na tsaya a layi da 'yan makaranta, na karɓo mai zafi, gefe ya yi ƙus-ƙus, an zuba miyar taushe. Na miƙa wa Rabi ta shigar. Kwanon ya fito da waina ɗaya an gutsura gefenta.

Ranar Laraba na samo gurasa bandashe, ta sha ƙuli da man gyaɗa da albasa, irin wadda kuke rububi ke da 'ya'yanki har ku manta da ni. Na biya teburin mai shayi na sa ya haɗa mai kauri ya soya ƙwai. Shayin ya huce a inda aka ajiye shi. Gurasar kuwa 'yan barka suka cinye, suna yaba mai yin ta.

Jiya na je zauren Iya Gambo mai koko, aminiyarki. Tana nan yadda kika bar ta, ƙosai yana tashi a mai, ƙamshin citta da kanumfari yana tarar mutum tun daga kan kwana. Ta dube ni ta dubi kwanon, ta ce, "Malam Inuwa, kwana uku kana zaga gari da kwano, labarinka ya riga ka zuwa. Zan zuba maka, amma asarar kokona za ka yi. Mai jego uwarta take nema. Me Dije take ajiye mata?"

Na ce ban sani ba. Ta ce, "Kai dai a gidan kake kwana, ko?" Mutanen da ke kan benci suka yi dariya. Ni ma na yi, don babu yadda zan yi.

A hanyar komawa maganar ta yi ta cina. Me kike ajiye mata? A gaban idona ba ki taɓa fifita ta ba. In ma an raba nama, ƙannenta kike fara miƙa wa. Na zo daidai bakin lungunmu, sai na ji ƙamshin tuwon da ya kama tukunya daga wani gida. Nan na tsaya cak, koko yana ƙona mini hannu.

Ɗumame, Dije.

Na tuna safiyoyinmu. Ina dawowa daga masallaci in tarar kin hura wuta, kin yayyanka tuwon dawa na jiya a tukunyar ƙasa, kin yayyafa ruwa kin rufe. Miyar kuka tana gefe tana ɓararraka, kin ƙara mata daddawa. Kina barin tuwon ya ɗan kama da gangan. Kowa ki zuba masa nasa, ni a akushi, yara a babban kwano. Sannan ki kankare ƙanzon gindin tukunya, ki sa a ƙaramin koren kwanon nan mai tsaga a baki, ki huda tsakiya da yatsa ki binne man shanu, ki rufe da faifai, ki ajiye a bayan ƙofar ɗakinki. Sai ki ɗaga murya kamar da iska kike, ki ce, "Ga ragowa nan, in akwai mai so."

Shekara da shekaru ina jin wannan magana, na ɗauka ragowa ce da gaske. Ban taɓa tambayar kaina dalilin da ya sa ragowa take samun man shanu ba, ni mai gida in na nema ki ce ya ƙare. Ban taɓa lura cewa Kabiru da sauran ba sa kusantar kwanon ba. Mutum ɗaya ce ke sulalewa bayan ƙofa kafin ta tafi makaranta, in ta gama ta wanke kwanon ta kife shi a kan randa. Ke ba ki kalle ta ba, ita ba ta yi godiya ba. Har ranar da za a kai ta ɗakin miji kun yi haka. Ashe hirarku ke nan, ni ina tsakar gidan ban ji ba.

Wannan kuwa babu mai sayar da shi. Duk faɗin birnin nan, daga Ƙofar Mata har Ƙofar Dawanau, za ka samu koko da waina da gurasa da funkaso, amma ɗumame sai gidan da aka kwana da tuwo.

Jiya da yamma na sa Rabi ta tuƙa na dawa, na ce ta rage mini malmala biyu. Na shiga ɗakin ajiya na birkita kayanki. Na samu tukunyar, na samu koren kwanon a cikin wata tsohuwar fanteka, ƙura ta rufe shi. Ban taɓa riƙe shi ba sai jiya. Ashe bai fi tafin hannuna ba.

Yau ina fitowa daga masallaci na wuce madafi. Shekara sittin da ɗoriya ban taɓa durƙusawa gaban murhu ba. Hayaƙi ya shiga idona, na zuba ruwa ya yi yawa na tsiyaye, gefen babbar rigata ya sha toka. Rabi ta fito ta same ni, ta riƙe haɓa ta ce, "Yaya, tsufa ne ko maraici? Ka bari in kunna maka gas." Na ce wutar itace nake so. Da ta ga koren kwanon sai ta gane inda na dosa. Ta ce, "Mai jego ba ta cin kwanannen abinci, ka sani. In cikinta ya ɓaci ni za a zaga." Na ce, "Rabi, kwana shida tana cin sabo, me ya shiga cikin?" Sai ta miƙo mini kwalbar man shanu, ta ce, "To ka rage wutar, ƙanzo ake so ba gawayi ba."

Na kankare, na zuba, na huda tsakiya da wannan shuɗin yatsan nawa na binne man. Na rufe da faifai. Na yi sallama a bakin ɗakinki, na zura hannu na ajiye a bayan ƙofa, ban ɗaga labule ba. Na yi gyaran murya. Na ce, "Ga ragowa nan, in akwai mai so."

Na dawo zaure na ɗauko littafi da biro, don in ban ba hannuna aiki ba zan koma in ɗaga labulen nan in ɓata komai.

Tun ɗazu nake nan. Sau uku ina tashi. Na farko na ce buta zan ɗauko, alhali ga buta a gabana. Na biyu na ji kamar kuka, ba na jariri ba, na babba, ƙasa-ƙasa. Na kai tsakiyar gida Rabi ta yi mini alama da hannu in koma. Na uku ban ma san abin da ya tashe ni ba. Ina tsoro, Dije. Ina tsoron kada ya zama na tono mata abin da ta samu ta binne. Ina tsoron kada gishiri ya yi yawa. Hannunki daban, nawa na rini ne. In wannan ma ya fito yadda ya shiga, ban san ƙofar da zan ƙwanƙwasa ba.

Ga rana ta hau katangar maƙwabta. Yaron ya yi shiru, ban sani ba ko barci ne ko gajiya. Dakata, na ji ƙarar murfin randa.

Na dawo.

Koren kwanon yana kan randa, a wanke, a kife.

Rabi ta biyo ni har bakin zaure tana share ido da gefen mayafi. Ta ce mai jegon ta cinye tas, har ta suɗe, sannan ta karɓi kunun kanwa ta sha rabin kofi. Yanzu yaron yana jikinta ya kama, ana jin haɗiyarsa. Wai mai jegon ta ce a gaya mini gishiri ya ɗan yi yawa. Sannan ta ce a tambaye ni, wai ko za a kwana da tuwo yau.

Za a kwana da shi. Gobe kafin a taru a raɗa wa angonki suna, ni ina gaban murhu, duk mai dariya ya yi. Har ta yi arba'in ba zan fasa ba. Abokin nawa kuma ya yi sauri ya fito da haƙora, akwai aiki a gabansa.

Allah ya jiƙanki, Dije. Ya sa aljanna ce makomarki, ya ciyar da ke daga abin da ba ya kwana ba ya hucewa, kamar yadda kika ciyar da mu. Ya raya wannan yaro a kan addini, ya ba uwarsa lafiya da ruwan nono mai albarka. Ya haɗa mu a inda babu rabuwa. Amin.

Saura abu ɗaya. Bakina bai taɓa faɗa ba, kuma ba zai fara yau ba. Amma malaminmu na ajin yamma ya ce takarda tana ɗaukar abin da ya yi wa harshe nauyi. To ga shi na rubuta, ki karanta mana mu biyu.

Zainabu ta ci abinci.

Naki har kullum,
Malam Inuwa marini,
Ƙofar Mata, cikin birnin Kano.