Abin da zaren Kawu ya rufe

Yaya,

Na tarar kana barci, ban tashe ka ba. Ɗazu na kai keke napep ɗin wajen masu alaimen, masu saita taya da hasken leza, don jan hagun nan da yake yi ya ishe ni. Ka san Kawu da gyaransa: ya ja zarensa daga tayar gaba zuwa ta baya, ya ɗaure nan, ya sassauta can, ya ce keke lafiya lau, hannuna ne bai iya ba. Mai lezar kuwa yana kunna na'urarsa ya kira ni in gani da idona. Jan layin hasken ya kauce wa tayar baya gaba ɗaya. Ya ce shasin ne, ƙarfen gindin keken, ya lanƙwashe, shi ke cinye tayoyi, tsohon bugu ne, an yi walda an shafe da fenti.

Na biya wajen Kawu. Bai musa ba. Ya ce kai ka buga keken, ka roƙe shi ya rufa maka asiri.

Makulli yana kan ƙusa. Kada ka ɗauki fasinja sai an gyara shasin. In Inna ta dawo, kai za ka gaya mata wanda ya cinye tayoyin nan, tunda a gabanka take yi mini faɗa, kana taya ta.

Ƙaninka