Fankar Motar Baba da Malam Kolo

Makoda, Jihar Kano

Zuwa ga ƙanena Obed,

Bayan gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, ina fatan kana lafiya, kai da Dorathy da yara, kuma sanyin Ingila bai matsa muku ba. Allah ya ƙara muku lafiya da kwanciyar rai. Mu nan muna nan da godiya. An yanke gero, gyaɗar bana ba laifi, sai dai ƙafar Gwaggo Mairo da har yanzu take kumbura idan ta daɗe a tsaye.

Na zaɓi in rubuto maka ne saboda maganar ba ta waya ba ce, na san muryata ba za ta kai ƙarshenta ba. Batun motar Baba ne, 'yar ja ɗin nan mai kujera biyu da likitan mishan ya bar masa. Na ji abin da ka ce, cewa ka nuna hotunanta ga ƙungiyarku ta masu son tsofaffin motoci, sun yaba komai, amma sun ce fankar hita, wadda ke hura iska mai ɗumi cikin mota, ba ta asali ba ce. Ta asali ƙarfe ce naɗaɗɗiya kamar katantanwa, wannan kuwa roba ce, ga sababbin ramuka huɗu da aka huda don a ɗaura ta, ga waya mai wani launi dabam. Ka ce ba wanda ya taɓa buɗe injin nan bayan Baba sai Malam Kolo bakanike, don haka shi ya cire ya sayar. Ka faɗa wa Abdulkabir, wanda ka aiko daga Rijiyar Zaki ya ɗauki hotunan, shi kuwa bakinsa bai iya riƙe magana ba. Kafin mako ya zagayo maganar ta isa Bagwai, inda Malam Kolo yake.

Ran Talata na hau babur na tafi can. Na tarar da Malam Kolo kwance a zaure, ya rame har na kasa gane shi, Inna Yakaka matarsa tana yi masa fifita. Mutumin nan da muka sani yana ɗaga kan inji shi kaɗai, yanzu kofin ruwa ma sai an riƙe masa. Ban san ta inda zan fara ba, shi ya rage mini wahala. Ya ce ya ji, kuma gaskiya ka faɗa, shi ya cire fankar da hannunsa. Sai ya tambaye ni ko na tuna shekarar da aka haife ka. Na ce ina shekara huɗu, an kai ni wurin kaka, abin da na sani kawai shi ne ku biyu kuka zo, kai da Marta, ita ba ta zauna ba.

Obed, bakwaini aka haife ku, a tsakiyar sanyi. Asibitin da aka je ba su da akwatin ɗumama jarirai, suka ce a koma gida a yi addu'a. Malam Kolo ya ce Baba ya zo garejinsa da hantsi, idonsa jawur, ya ce masa 'ya'yansa suna sanyi a hannunsa, ba ya iya yin komai. Nan take suka kwance fankar motar. Suka sami akwatin katako, suka shimfiɗa zane, suka jera kwalabe na ruwan zafi a gefe ɗaya, fankar tana hura ɗumin a hankali zuwa inda kuke. Suka jawo waya daga batir ta taga. Malam Kolo ya rufe garejinsa ya tare a gidanmu, yana tayar da mota lokaci-lokaci don kada batir ya mutu, Inna Yakaka tana dafa ruwa tana canja kwalabe. Idan lokacin salla ya yi, a gefen motar yake shimfiɗa buzunsa. Kwana tara fankar tana juyawa, ita da ba a yi ta don irin wannan aiki ba. Ran na goma ta ƙone. Kafin Malam Kolo ya je Kano ya dawo da wata, ta tsohuwar bas, Marta ta tafi. Kai ka kama nono a ranar.

Ya ce da ka yi ƙarfi, shi ya huda ramukan nan ya ɗaura ta bas ɗin a mota, don wurin kada ya zauna wayam Baba yana gani. Ƙonanniyar kuwa Baba ya ɗauke, bai taɓa faɗin inda ya kai ta ba, kuma ya roƙe shi kada ya ba ka labarin, don kada ka girma kana jin kamar an ba ka rai ne a madadin 'yar'uwarka. Shekara arba'in da ɗaya ya riƙe wannan amana. Ya ce da ba don yana jin tafiya ta matso ba, da ya bar ka da zaton da kake yi, don ɗaukarsa bai fi ƙarfinsa ba.

Na yi niyyar in kira ka washegari ku gaisa, na ce bari ya ɗan ji sauƙi tukuna. Ran Alhamis da la'asar ɗansa Kamaruddeen ya kira ni, ya ce Allah ya yi masa cikawa. Wannan jinkirin nawa ne, ni zan zauna da shi. Mun je gaisuwa da mutanen coci. Inna Yakaka ta riƙe hannuna ta ce in gaya maka bai tafi da fushinka ba, har dariya ya yi, ya ce yaron nan da bai kai tsawon sifanarsa ba yau shi ne ya san kan mota haka.

Motar taka ce, Baba kai ya bar wa. In kana so ka nemi fanka ta asali a can ka sa, ba mai hana ka. Abu ɗaya nake roƙo, ka kira Inna Yakaka kafin a yi sadakar arba'in. Kada ka yi dogon bayani, ba ta buƙata. Ka gaishe ta kawai, ka bar ta ta ji muryarka.

Gwaggo Mairo tana gaishe ka, haka Kawu Maikano da iyalinsa. Ka gaishe mini da Dorathy, ka shafa kan Zachariah ƙarami. Allah ya ta'azantar da mu duka.

Ni ce yayarka,
Leah