Man Da Na Zaɓa Wa Injin Jirgi

Zuwa ga 'yata, Uwata ta kaina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da jikokina biyu. Allah ya sa albarka a tsayuwar da kike yi a asibiti, ya tsare ki daga cututtukan da kike jinyar mutane a kansu. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Gwiwar innarki ta yi sauƙi tun da ta fara shafa maganin da kika aiko, har ta koma zagaye gida tana neman wanda za ta yi wa faɗa, kuma kin san ni na fi kusa da ita. Ƙanwarki Auta ta gama koyon ɗinki. Ta ɗinka mini riga, hannu ɗaya ya ɗara ɗaya tsawo, na kuwa sa abata na fita haka nan don kada ranta ya ɓaci.

Za ki yi mamakin ganin wasiƙa daga wurina alhali duk mako muna waya. Magana ce da bakina ya kasa furtawa, shi ya sa na ɗora wa alƙalami. Injin jirgin da kika saya mini ya lalace, lalacewar da ba ta da gyara, kuma ni na kashe shi da hannuna. Yau kwana goma sha biyu ke nan.

Ban manta yadda kika same shi ba. Kin ga tsohon injina yana ta mutuwa a tsakiyar ruwa, ina komawa filafili da kafaɗar nan tawa mai ciwo, kika hana kanki hutu shekara biyu har kika aiko mini da sabo fil. Kika haɗo da katan guda na mai, kowace kwalba da hoton jirgin ruwa a jikinta, da ɗan kofin awo mai jan layi. Kika zauna a waya kina yi mini bayani dalla-dalla, cewa tun da irin injin nan da fetur ake gauraya masa mai, to man jirgi kawai zan riƙa zubawa, kofi ɗaya iyakar layin nan a kowace jarka, kada in ƙara kada in rage. Na ce miki to. Amma a raina cewa nake, yarinyar da na koya wa riƙe filafili, yau ita ce za ta koya mini mai?

Kin san halin ubanki. Shekara talatin ina fito da mutane a mashigin nan, kuma ban taɓa zaɓar mai da karanta kwalba ba. Ɗiga shi nake a yatsa in murza. In ya yi kauri ya kama hannu, na yarda da shi. Sannan in duba bayan jirgi, in na ga hayaƙi yana tashi sai hankalina ya kwanta, in ce inji ya ƙoshi. To man naki da na murza sai na ji shi tsararo, ga shi shuɗi-shuɗi kamar ruwan wanki, hayaƙi kuwa sai ka ƙura ido kafin ka gani. Duk tsawon watannin da na yi ina zuba shi, gani nake ina horar da injin da yunwa.

Da katan ɗin ya ƙare na tafi shagon mai. Kada ki ga laifin mai shagon ko kaɗan. Yana ganina ya sauko mini da irin naki daga kan kanta, ni kuwa na nuna masa na 'yan babur, mai kaurin nan da na saba da shi. Ya ce shi ma da fetur ake haɗa shi, gaskiya ne, amma ba don jirgi aka yi shi ba. Na ce masa tun yana tsumman goyo nake kan ruwa. Bawan Allah ya miƙo mini. Kofin awonki kuma na rataye shi a ƙusa, na koma wa tsohon gwangwanin madarata, ina cika shi har ya tumbatsa, in ɗan ƙara kaɗan a kai. Wallahi Uwata, ba don raini na yi ba. Yadda ake ƙara wa baƙo abinci haka nake ƙara masa, don abin daga hannunki ya fito. Ranar da na ga hayaƙi ya turnuƙe bayan jirgi har murmushi na yi.

Injin bai ɓoye mini komai ba. Ya fara wuyar tashi da safe, sai na ja igiya sau bakwai ko takwas. Fulogi ya riƙa yin baƙi ƙirin, ina gogewa ina mayarwa. Ƙarfinsa ya ragu, har jiragen da nake wucewa suka koma wuce ni suna ɗaga mini hannu. Duk wannan ni fassarata ɗaya ce, mai bai ishe shi ba, sai in ƙara. Ke kuma duk sanda kika tambaya ko ina nan a kan man jirgi, sai in ce ina nan.

Ranar da abin ya faru, na ɗauko mata 'yan kasuwa da kwandunansu da wani malamin makaranta da kekensa. Muna tsakiyar ruwa injin ya yi wata ƙara kamar an jefa tsakuwa a cikin tukunya, ya tsaya cak. Na ja igiya, ko motsi ba ta yi ba. Da filafili na ƙarasa da su, malamin yana taya ni, matan suna yi mini sannu. Sannun nan ta fi zagi ciwo.

Makaniken bakin mashigi ya kwance injin a gabana a kan buhu. Ya nuna mini fistin ya daskare da baƙar dauɗa, ringi sun maƙale, cikin injin duk ya karce. Ya ce injin babur iska ke sanyaya shi, yana yin zafi sosai har ya ƙone mansa. Na jirgi kuwa ruwa ke ratsa shi, ba ya kai wannan zafin, don haka man babur toka yake bari tana taruwa, balle an cika shi fiye da kima. Ya ce man da ba ya hayaƙin nan shi ne lafiyarsa. Sai ya tambaye ni wane mugu ne ya ba ni wannan shawara, na ce masa mutumin ya manyanta, a bar shi da abin da ya same shi.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne ya fi nauyi. Ranar Lahadi da kika kira ina bakin ruwa, kika ce kin gaji, aiki ya sha kanki, in tayar miki da injin ki ji ƙararsa ko ranki ya yi sanyi. Uwata, ƙarar da kika ji ba ta injinki ba ce. Jirgin Dogo ne, maƙwabcina a mashigi, na yafuto shi ya tayar, na kara wayar a jikin injinsa. Kika yi dariya kika ce lafiyarsa ƙalau, kika sa mini albarka don na riƙe amana. Dogo ya kashe injinsa ya kau da kai. Ni da na hana ki ƙarya tun kina ƙarama, na tsaya da furfurata na yi miki wadda har sai da na nemi mai taya ni. Tun ranar ban iya haɗa ido da shi ba.

Kada ki ce za ki sayi wani, ba shi ya sa na rubuto ba. Na koma filafili, ina ɗaukar mutum huɗu maimakon goma sha biyu, kafaɗar kuma tana yi mini abin da na cancanta. Ki yafe mini. In kin karanta ki kira ni ki faɗi duk abin da ke ranki, kada ki rage don ni ubanki ne. Zan saurara har ki gama.

Innarki tana gaishe ki, ita ma sai jiya na gaya mata. Auta da kawunki da gwaggonki duk suna gaisuwa. Ki gaishe mini da maigidanki, ki shafa mini kan jikokina. Allah ya yi miki albarka.

Ni ne mahaifinki,
Mai fito.